Tanimu mai duban ƙafa

Duk wanda ya san ƙanena Tanimu, malamin asibitin nan da aka kawo Makarfi bayan tafiyar Turawa, ya san ba ya fara duban fuskar mara lafiya. Ƙafa yake dubawa. Wanda ƙafarsa ta nuna ya fi shan tafiya, shi zai fara shiga. Ni kuwa da na goye shi, katanga ɗaya ce tsakanina da asibitin, don haka kullum ni ce ta ƙarshe, bayan Fulanin daji da Maguzawa da kutare.

Wata rana ciwon baya ya matsa mini, na ce yau sai na riga kowa. Na zaga ta fadama, na tattaka laka har ƙauri, na zo na zauna ina nishi. Ya sunkuya ya duba, ya ce, “Yaya, wannan lakar bayan gidanmu ce.” Ya wuce ya kama hannun wata tsohuwa da ta taso daga Furana.

Da Sallah na tuƙa masa tuwon shinkafa, na zuba a langar da ko mijina ban taɓa ba abinci a ciki ba. Ya ɗaura a keke sai wajen kutaren Gubuci. Aka zo aka gaya mini hannu ɗaya suka sa da shi. Na aika masa cewa langar nan ba za ta sake shigo mini ɗaki ba. Ya aiko da godiya, wai dama sun yaba ta.

Ranar sunan jikata ta fari ma bai zo raɗin suna ba, yana rugar Fulani yana yi musu lambar rigakafin ciwon agana. Sai la'asar ya shigo, ko barka bai gama yi ba ya hau binciken damatsan mata. Waɗanda ba su da tabon lamba ya tsare su a zaure ya yi musu ita. Taro ya watse, wainata ta kwana.

Na yi shekaru ina faɗa masa cewa bare sun fi ni a wurinsa. Ba ya musu, dariya kawai yake yi.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya ƙi a kai shi Zariya, ya ce ɗakina yake so. Na shimfiɗa masa, na sa kujera a bakin ƙofa, na ce yanzu kam nawa ne ni kaɗai. Kwana biyu ina korar masu dubiya. A na uku ya ji tari a waje, ya ce, “Yaya, wannan tarin ya daɗe. Bar ta ta shigo.”

Na ɗauke kujerar. Suka cika ɗakin, har ni na rasa wurin zama, na tsaya daga bakin labule ina kallonsa.

Allah Ya jiƙanka, Tanimu, Ya haskaka makwancinka. In Ya haɗa mu a Aljanna, Ya ba ni kai ko na yini guda ne.