Kofin da Yayana Yake Tsallakewa

A fadarmu ta shan shayi da ke bayan kasuwar dabbobi a Dakoro, butar shayi ta yayana ce, sukari nasa, gawayi nasa. Shi ya sa ya ɗauka gaskiya ma tasa ce, kamar tare da butar aka sayar masa da ita. Idan ya ce raƙumi yana ƙwai, to in kana son kofinka sai ka tambaye shi ko da yaji ake ci.

Hukuncinsa ɗaya ne. Wanda ya yi masa musu, idan an zo rabon shayi sai hannunsa ya tsallake shi, kamar ba kowa a wurin. Ba zagi, ba duka. Kana zaune kana haɗiyar miyau, kumfa tana wuce hancinka.

Abin ya lalace ne lokacin da aka kada ɗan kokawar unguwarmu. Yayana ya ce ba a kada shi ba, santsi ne ya kwashe shi. Santsi a cikin rairayi! Abokina ɗan Mai Yara, wanda muke aji ɗaya a koleji, yana bakin fili ranar, ya ce da idonsa ya ga bayan mutumin a ƙasa. Aka tsallake shi. Washegari mai gyaran babur ya kawo bidiyon a wayarsa. Yayana ko kallo bai yi ba, ya ce montaji ne, wato haɗa hoton aka yi, ya tsallake shi. Ranar kasuwa wani dattijo makiyayi daga Bader Goula ya zauna hutawa, aka tambaye shi, ya ce Allah masani. Yayana ya ce wannan ma musu ne. Baƙo, mai furfura, ya tashi da busasshen baki. Ranar na ji kamar in zuba ruwa a gawayin.

Ɗaya bayan ɗaya mutane suka ɗauke tabarminsu suka koma tsallaken titi. Saura ni.

Da la'asar ya zuba shayin zagayen farko, mai ɗacin nan da nake so, ya miƙo, amma bai saki ba.

“Kai yaro, ya faɗi ko bai faɗi ba?”

Ƙamshin yana shiga har ƙwaƙwalwata.

“Yaya, ya faɗi. Rairayin da ya ci, har yau bai gama tofarwa ba.”

Ya juye kofin cikin buta, ya kau da kai.

Yanzu a tsallake nake shan shayi. A gwangwanin tumatir muke dafawa, ɗanɗanonsa kamar miya, kuma musu muke yi har muryoyi su dishe, kowa da kofinsa a hannu. Yayana yana can shi kaɗai, yana shanye zagaye uku, idanunsa jajur, yana yi wa ragon da ke ɗaure a turke bayanin santsi. Jiya na ga ragon ya girgiza kai. Ban ga an ba shi dusa ba.