Malam Aƙilu Mai Hoto da Ungulun Kurmin Ƙarfi

Da an idar da sallar asuba, Malam Aƙilu zai rataya kyamararsa, ya hau tsohon babur ɗinsa daga Malumfashi, ya nufi wani kurmi a bayan Ƙarfi. Shekara goma sha tara ke nan. Da can hoton biki da suna yake ɗauka. Da wayoyi suka kashe kasuwar, sai ya koma kan tsuntsaye.

Kurmin ba wurin shiga da wasa ba ne. Akwai wani tsohon rimi da Maguzawan yankin ke yi wa yanka, ko da rana tsaka inuwarsa sanyi ƙalau. A ƙolinsa ungulu ke sheƙa, ƙwai ɗaya tak a shekara. Malam Aƙilu kan zauna cikin bukkar kara, ba motsi, ba tari, har la'asar. Mutane suka ce da iskoki yake hira.

Sanda, dattijon da ke kula da rimin, shi ya ba ni labarin wata safiya a bara. Sun iso tare suka tarar da kurmin tsit, ko kurciya ba ta kuka. Sai wari. A bakin rafi ga mushen jaki an barbaɗe shi da guba, gefensa ungulu goma sha ɗaya a jere, duk ba kai. Masu kai wa bokaye kawunan ungulu sun riga su. Malam Aƙilu ya durƙusa yana ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Yana cikin haka suka ji wani siririn kuka daga sama, kamar na jariri.

"Baba Sanda, akwai mai rai," in ji shi.

Sanda ya gaya masa tun zamanin kakanni ba wanda ya taɓa hawa rimin nan. Amma dattijon ya dubi itacen, sannan ya ce, "Hau. Ni zan ba shi haƙuri."

Mutum mai shekara sittin da uku ya ɗaura igiya ya hau, ya tarar da ɗan tsakon ungulu shi kaɗai a sheƙa. Wata biyu cur yana kai wa ɗan tsakon guntun nama daga mahauta. Ana nan wasu mutum biyu suka zo a babur suna neman sayen tsakon. Sai ya ɗaga kyamara ya ɗauki fuskokinsu, ya kai wa dagaci. Ba su sake dawowa ba.

Yanzu gwiwa ta hana shi hawa. Juma'ar da ta wuce na raka shi, muna fitowa sai wata inuwa ta faɗo kan turba, tana bin mu a hankali har bakin titi. Na ɗaga kai, sai ga ungulu tana shawagi a kanmu. Shi ko juyawa bai yi ba, ya ce, "Ita ce, wadda na ciyar."

Malam, kai ne ka tsaya wa tsuntsuwar da kowa ke tofar da yawu in ya gan ta, alhali ita ke kwashe mana mushe kafin ya zama cuta. Mai haƙurin zama, mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Mu kuma, duk wanda ya ga kan ungulu a shimfiɗar mai magani ranar kasuwa, kada ya wuce kamar bai gani ba. Ya tambayi mai shimfiɗar inda ya samo shi, da ƙarfi, kowa ya ji.