Umma Ta Ce Ta Ƙoshi

Shekarar da na gama jami'a na samu aiki a ɓangaren lissafi na wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido a Jidda. Ban daɗe da farawa ba wasu baƙi suka fasa tafiyarsu ta zagaya tsibirin Farasan a jirgin ruwa na alfarma, sai mudir ɗinmu, wato shugaban kamfanin, ya ce in ɗauki gurbin mutum biyu in tafi da wanda nake so. Na tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Washegari na sake tambaya, don kada ya zama wasa yake yi, ya ce in na ƙara zai ba direbansa.

Mahaifiyata na zaɓa. Tun ina ƙarama Umma take sayar da waina a Karantina, har aka rushe unguwar muka koma Madain Fahd, kuma a iya tunawata ban taɓa ganin ta zauna wani ya kawo mata abinci ba. Ita ke zuba wa kowa, ta ci na ƙasan tukunya a tsaye. Burina bai wuce ta zauna a ajiye mata faranti, ta ci ta ƙoshi ba.

Muka tashi zuwa Jizan, daga nan aka kai mu jirgin. Fari ne tas, ruwan da ke ƙarƙashinsa kuwa har yashin ƙasa ana gani. Muna shiga aka miƙa mana ƙananan tawul masu sanyi da ƙamshi. Umma ta karɓi nata ta goge teburin da ke gabanta da shi, ta mayar.

A cin abinci na farko matsalar ta ɓullo. Shugaban masu hidima, wani dogon Bamisire mai farar safar hannu, ya zo da farantin jatan lande ya tambayi Umma ko za ta ci. Ta kawar da kai ta ce alhamdulillahi, a ƙoshe take. Ya rusuna ya wuce da farantinsa. Umma ta bi shi da ido har ya shige.

A gidajenmu baƙo ba ya karɓar abinci daga tayi ɗaya. Sai ya ce ya ƙoshi, mai gida ya matsa, ya sake ƙi, mai gida ya nuna ɓacin rai, sannan a miƙa hannu kamar an tilasta. Ban sani ba ko duk Hausawa haka suke, amma mu haka muka taso. Na raɗa mata cewa a nan in ka ce a'a, halas, shi ke nan.

"To ni mayunwaciya ce, da zan ce e daga tambaya ɗaya?"

Na tura mata nawa, ta ce ba za ta ci rabon 'yarta a gaban mutane ba. Haka aka yi ta kawo kifi da miya da kayan zaƙi, tana cewa ta ƙoshi, ana rusunawa ana wucewa. Dabinon da aka ajiye a ɗakinmu da shayi su suka riƙe ta.

Washegari aka sauke mu a tsibirin, aka kai mu gidan wani tsohon attajirin lu'ulu'u, bangonsa duk zanen farar ƙasa. Mai yi mana bayani ya ce mu ɗan yi shiru mu ji sanyin ginin. A cikin shirun nan cikin Umma ya yi wani dogon ƙugi, ɗakin kuma mai amsa kuwwa ne. Wata Baturiya ta ɗaga kai tana duban rufi. Umma ta juyo ta kafa mini ido, ni kuwa na ce afwan, kamar cikina ne ya yi.

Muna komawa jirgi na nemi Bamisiren. Na fara da cewa ba ƙorafi na kawo ba, kuma mai yiwuwa ni ce ban fahimci tsarinsu ba, kuma in bai dace ba ya manta na yi magana. Da ƙyar na iso kan batun. Ya cire safar hannunsa. Ya ce a gidan mahaifiyarsa ma haka ake yi, amma a wurin horo an gargaɗe su kada su matsa wa baƙo ko da da ido ne, kuma ya daɗe yana danne abin a ransa.

An shirya abincin rana a bakin teku, sayadiyya, wato shinkafa da aka dafa da romon kifi. Umma ta ce ta ƙoshi. Bamisiren ya dafa ƙirji, ya kira ta da khala, wato inna.

"Wallahil azim, ya khala, sai kin ci."

Umma ta dube ni, ta koma Hausa. "Kin ga ya rantse. In ban ci ba kaffara ta hau shi, ga shi baƙo a ƙasar mutane."

Ta ja farantin. Na zauna ina kallonta tana ci a zaune, wani yana tsiyaya mata ruwa, har nawa abincin ya huce. Ta ce shinkafar ba laifi, da dai da yaji.

Kuskurena, ina jin, shi ne ban ce masa a kan abinci kaɗai ba. Ya sanar da duk ma'aikatan jirgin. Aka rantse sai an riƙa mata lema. Aka rantse sai ta ɗanɗana wani abin teku mai hannuwa da yawa, ta tauna tana istigfari. Matar ɗakin gyaran jiki ta rantse sai ta shafa mata koren taɓo a fuska. Umma ta yi ta ceton bayin Allah daga kaffara, ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar na fito daga ɗaki na hango abaya baƙa da rigar ceto a kan babur ɗin ruwa, ashe Umma ce, ta rungume wata 'yar Tunis da ke tuƙi, tana karanta addu'ar hawa abin hawa da ƙarfin da har tsuntsayen bakin gaɓa suka tashi.

Na koma wurin Bamisiren na ce akwai "na ƙoshi" ta kunya, akwai ta gaskiya. Ya tambaye ni yadda ake bambancewa. Na buɗe baki na ga ban sani ba. Na ce wataƙila a murya ne, ko yadda take ture farantin, amma ba zan iya ba shi tabbaci ba. Ya ce to tunda babu tabbas, gara su ci gaba.

Ranar komawa, bayan kifi da shinkafa da ƙarin kifi, sai ga shi da marsa, gurasar mutanen Jizan da ake murzawa da ayaba da zuma da man shanu. Numfashi ma da dabara Umma take yi. Ya fara ɗaga hannu zuwa ƙirji, ta riga shi.

"Wallahi tallahi na ƙoshi, ɗana. Yanzu in ka rantse, ɗayanmu sai ya yi azumi, kuma ni tsohuwa ce."

Ya tsaya da faranti a hannu, ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya rusuna ya juya.

Umma ta ce in sa mata matashi a baya. Ta miƙe ƙafafu a inuwa, ta ɗora hannu biyu a kan ciki, kafin jirgi ya bar gaɓa har ta fara minshari. Na jawo kujera na zauna kusa da ita ina gadi, kada wani ya zo ya rantse sai ta tashi ta ga faɗuwar rana.