Jelar Goɗiyar Kakana

Babana shekara goma sha biyu ya yi yana sojan doki wurin Turawan Ingila, can hayin iyaka. Da yankan ciyawa ya fara a barikin Kano, aka ba shi doki, aka kai shi Zariya, ya je yaƙin Kamaru, ya dawo da igiya biyu ta kofur da ƙafa mai ɗingishi. Wanda ya koya masa aikin wani tsohon saje ne Bature, wai tun zamanin tsohuwar sarauniyarsu yake bisa sirdi. Mun sha labarin sajen nan har ya ginshe mu.

Da aka sallame shi muka komo garinmu Kwaya, ina da shekara tara. Gonar gadonsa ƴan'uwa sun riga sun raba. Kakana, uban Inna, ya ce zai ara masa wata gona a bakin fadama. Ita kaɗai muke sa wa rai, in babu ita babu tuwo a gidanmu bana.

Kaka yana da goɗiya guda, ja, yana ji da ita fiye da jikokinsa, ni shaida ce. Baba ya so ya gode masa. Ranar da tsohon ya tafi kasuwar Bande, sai Baba ya ɗauko almakashi ya yi mata gyaran bariki: ya aske geza, ya datse jela daidai gwiwa, ya goge ta har tana ƙyalli. Shi a ganinsa girmamawa ce. A wurinmu kuwa, ba mai yanke jelar dokin mutum sai maƙiyi ko mai neman yin asiri.

Kaka ya dawo ya gani, ya zauna dirshan a ƙasa. Bai yi wa Baba magana ba, dama suruki ba ya sakin baki da mijin ƴarsa. Ta bakin Inna ya aiko: ba maganar gona, kuma tunda ya raba dabba da abin korar ƙuda ga damina ta kawo kai, to ya zo ya zama jelar.

Ni na ɗauka baƙar magana ce. Baba kuwa umarni ya ji. Washegari da sassafe ya yanko kaba, ya je turke ya ƙame, yana kore mata ƙuda. Salla kaɗai ke ɗaga shi. Mata masu zuwa rijiya suna dariya, ni kuma kunya kamar in nutse. Wallahi na ji haushinsa, na ji haushin sajen da ban taɓa gani ba.

A kwana na goma sha ɗaya aka yi ruwan shuka. Kowa ya fita da sungumi, mu muna zaune da irinmu a ƙwarya. Inna ta je ta yi wa ubanta kuka, ya ce to, a gaya wa Baba ya je ya shuka. Ta zo ta faɗa, Baba ya ce wanda ya sa soja gadi shi ke sauke shi. Aka aiko kawuna, Baba ya ba shi amsa iri ɗaya. Inna ta ce ta ga taurin kai, amma irin wannan sai a bariki. Ƙasa kuwa ta fara bushewa.

Rana ta uku bayan ruwan, da hantsi, Kaka ya fito da sandarsa. Ya tsaya gaban goɗiyar, bai ko dubi Baba ba. Ya shafa wuyanta inda aka aske, ya daɗe, sannan ya ce mata:

"Ke, gaya wa sojanki na sallame shi. Ya je ya shuka, kada jikokina su kwana da yunwa."

Baba ya ƙame ya sara masa. Ya miƙa wa tsohon kabar da hannu biyu, ya ɗauki sungumi, muka bi shi da iri. Da na waiga daga bakin hanya, Kaka na tsaye a turke yana korar ƙuda.