Ranar da aka kusa musanya kwamfutata da bokiti

Shekarun baya, ina aji uku a ƙaramar sakandare, yayana ya tafi bautar ƙasa ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa ta cinya. Nauyinta ya kusa na buhun gero, fankarta kuma in ta tashi sai kajin gidanmu su watse. Amma tawa ce.

Linux ne a kanta, manhajar nan ta kyauta. Akwai wata 'yar manhaja da ake kira direba, ita ce tafinta tsakanin kwamfuta da katin da ke zana hoto a allo. Iri biyu ce. Ɗaya ta kamfanin da ya ƙera katin, a kulle take, ba mai ganin cikinta sai su. Ɗayar kuma buɗaɗɗiya, 'yan sa-kai ne suka rubuta, kowa na iya dubawa ya gyara. Ni ta kamfani na sa, don da ita 'yan wasan ƙwallon da nake bugawa a kwamfutar ke gudu kamar an biyo su da bulala.

Wani abokina na unguwar Kambarawa kullum sai ya yi mini wa'azi. "Mutumina, katin nan ya tsufa. Ranar da kamfani ya gaji da shi, wa za ka kai wa ƙara?"

"Malam, ci naka ƙwallon tukuna," nake ce masa.

Wata Asabar na sabunta manhajar, na kashe na kunna. Baƙi ƙirin. Na sake, baƙi. Na hura mata iska, na jijjiga ta, har tofi na yi mata. Ashe kamfani ya daɗe da daina kula da katin, tsohuwar direbarsu ba ta jituwa da sabuwar manhaja, kuma ba wanda zai iya gyara ta tunda a kulle take.

Ta kwana biyu kan tabarma a tsakar gida kamar gawa. Mahaifiyata kuwa ba ta ajiye mataccen abu. Rediyon Baba ma da ya lalace, kofunan roba ya koma. Ran nan na dawo daga islamiyya na tarar da ɗan gwangwan, mai karɓar tsofaffin ƙarafa ya ba da robobi, ya faka kurarsa a ƙofar gidanmu nan Ƙofar Marusa, yana auna kwamfutata a tafin hannu.

"Hajiya, wannan bokiti ɗaya ce, da murfi."

"Ƙara mini mazubin sabulu," in ji Umma.

Na yi ihun da na tabbata an ji har garin Batagarawa. Umma ta ce, "Auta, mi za ka yi da ita? Madubi?" Da ƙyar ta yarda a jira la'asar, lokacin da mutumin zai biyo ta layinmu a hanyar komawa.

Na aika a kira abokina, ya iso a keke yana haki, yana kuma murmushin da har yau ban yafe masa ba. Ya danna wasu maɓallai uku tare, sai ga fararen rubutu a kan baƙin allon. Ashe da ranta, hoto ne kawai ba ta iya nunawa. Ya cire direbar kamfani, ya bar buɗaɗɗiyar ta karɓi aiki. Muka kunna. Fanka ta yi gurnani, kaji suka watse, allo ya kawo haske.

Na buɗe ƙwallo da rawar jiki. Jama'a, 'yan wasana tafiya suke kamar dattawan da suka fito daga walima. Kafin ɗan gaba ya kai raga, sai ka sha kunu ka dawo.

"Ita ke nan?" na tambaya.

"Ita ke nan. Kamfani bai ba su bayanin katin ba, da lalube suka gano yadda yake aiki."

Umma da ke tankaɗe a gefe ta ɗago. "Su wa?"

Ya yi mata bayani: mutane ne a ƙasashe daban-daban, ba su san mu ba, da yawansu a lokacin hutunsu suke yi.

"Kuma ba su ce a ba su komi ba?" Ta ajiye rariya. "Ai wannan kamar mai haƙa rijiya a bakin hanya ne. Allah Ya saka masu."

Da la'asar ɗan gwangwan ya dawo, ya tafi da tsohon dutsen guga.

Ba zan yi ƙarya ba, ta kamfani ta fi sauri, kuma na yi kewar ƙwallona sosai. Wanda katinsa sabo ne, ban ga laifinsa ba in ya zaɓe ta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waɗanda suka ƙera abin sun riga sun yi masa jana'iza ban sani ba, waɗanda ba su ci komai a kansa ba su ne suka ƙi barinsa. Tun lokacin, kafin in sa wani abu a kwamfuta nakan tambaya: in masu shi suka juya baya, akwai wanda zai iya buɗe shi?

A kanta nake rubuta wannan. Umma kuma har yanzu in ta ji fankar ta tashi, sai ta leƙo ta ce, "Auta, mutanen rijiyar nan naka suna lafiya?"