Rayuwar Malam Sau-Bakwai, Mai Wankin Kayan Ɗakin Bincike

Haihuwa da Karatu

An haife shi a shekarar 1951 a wani garin tashar jirgin ƙasa, mahaifinsa mai gyaran agogo, mahaifiyarsa ungozoma. Ya kammala firamare a 1965, talauci ya hana shi ci gaba, ya shekara bakwai yana tsince ƙusoshin agogo a teburin mahaifinsa.

Aiki da Iyali

A 1972 wata cibiyar binciken lafiya ta ɗauke shi wankin kwalabe da bututai. Ya auri 'yar wani tela a 1976, wadda kan yi masa ba'a cewa mai wanke kwalba ɗari a yini bai san inda soson gidansa yake ba.

A 1998 aka mayar da shi sashen da ke ɗura wa ɓeraye bairos (wata irin ƙwayar cuta) maras lahani ta siririn bututu, domin ya kai ƙwayar gado mai magani cikin bangon mafitsara. Shekara uku aikin bai ci ba, saboda yauƙin da ke kare bangon yana hana bairos shiga.

Al'amarin 2001

Ranar 6 ga Maris, 2001, ruwan famfo ya ɗauke, ya ɗauraye bututai sau ɗaya maimakon uku, bai faɗa wa kowa ba. Ɓeraye goma sha biyun da wata likita mai bincike ta ɗura wa da bututan nan duk suka karɓi ƙwayar gadon. Aka yi murna, aka maimaita da bututai masu tsabta, abu ya ƙi. Cikin wata huɗu aka kashe ɓeraye tamanin a banza, aka kafa kwamiti bisa zargin likitar ta ƙirƙiri sakamako. Shi kaɗai ya san bambancin ranar, ya kuma san hukuncin sakaci kora ne.

Ranar 9 ga Yuli ya shiga ofishin farfesan sashen ya ce, "Ranka ya daɗe, likita ba ta yi ƙarya ba. Sabuluna ne ya saura a bututu." Aka sallame shi a makon. Likitar ta gwada, ta tabbatar ragowar sabulun ne ya sassauta yauƙin, ta kuma samo ruwan wanki mai sauƙi da ba ya ƙona bangon. A 2002 aka mayar da shi aiki, kuma ɗauraya sau bakwai da ya koma yi ce ta jawo masa laƙabin Sau-Bakwai.

Masu yabonsa suna cewa gaskiyarsa ta ceci aikin. Shi bai taɓa karɓar yabon ba. A lissafinsa sa'ar ranar ba tasa ba ce, amma shirun wata huɗu shi ya zaɓe shi da hankalinsa.

Ritaya da Rasuwa

Ya yi ritaya a 2011, ya rasu ranar 2 ga Oktoba, 2019, bayan gajeriyar jinya, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: babbansu malamin makaranta, mai bi masa direba, tagwaye mata, ɗaya nas ɗaya tela, sai autansu mai gyaran waya. Ya kuma bar wasiyyar a sake nema masa gafarar likitar. Babban ɗan ya je ya same ta, ta ce ta yafe tun 2001, ta kuma roƙe shi ya gaya wa ƙannensa labarin duka, kada ya cire wata huɗun.