A Zaune Kake, Ɗalhatu

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Asabar, tara ga watan Nuwamba, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran ɗana Ɗalhatu Halliru a tekun Dubai, yana tuƙa jirgin ruwa mai gudu na kamfanin da yake yi wa aiki. Da 'yan sanda suka gama bincikensu aka ba mu shi, aka yi masa sallah, aka binne shi a nan ƙasar. Ya bar matarsa Khairunnisa, da 'yarsa Mahfuza wadda ko yaye ba a yi mata ba, da ƙannensa Hafiz da Hadijatu, da ni mahaifiyarsa.

Ɗalhatu, kai ne ɗana na fari, don haka tun da aka raɗa maka suna bakina bai taɓa kama shi ba. Yayansu nake ce maka, da aka haifi yarinya na koma Baban Mahfuza. Yau ga shi ina rubuta sunan da hannuna, domin ina so duk wanda ya karanta ya san a kan wa nake magana.

Tun ranar da ka rasu magana ɗaya ke yawo a wayoyin mutane, daga unguwar Deira ta nan Dubai har Kano. Wai ganganci ne ya kashe ka. Wai kana tsaye kana tuƙi don ka burge baƙi. Wani ya samo tsohon bidiyonka kana tsaye a gaban sitiyari iska na kaɗa rigarka, ya rubuta a ƙasansa cewa ga ƙarshen ɗaukar kai. Mutanen da suka ci abinci a gidanka suna cikin masu turawa. Mahfuza za ta girma, wata rana za ta nemi sunan ubanta a waya, kuma abin da za ta tarar ke nan. Saboda ita nake wannan rubutu.

Kai ka sa ni shiga makarantar manya ta unguwarmu bayan rasuwar mahaifinku. Ka ce ka gaji da saƙon muryata, wai kafin in gama gaisuwa in zo kan magana har an tashi daga aiki. Na daɗe ina fama da alƙalami, ina jin kunyar jikokin maƙwabta. Ranar da na fara iya tura saƙo da kaina, wannan bidiyon da suke yaɗawa yanzu ne ka turo min. Na kalle shi har ƙarshe. Abin da na rubuta maka shi ne, ka zauna. Ka kira ni kana dariya har da tari, ka ce duk wahalar makarantar nan ashe faɗa za a ƙara maka, yanzu har a rubuce.

Ni mai tsoro ce, ka sani. Tun kana gyaran injin jirgi a wani gareji a Ras Al Khor hankalina bai kwanta ba, balle da ka samu lasisi ka koma tuƙi. Da na zo jegon Khairunnisa ka kai mu Hatta, wurin dam ɗin nan da ke tsakanin duwatsu, kowa ya shiga ƙaramin kwalekwalen da ake tuƙawa da ƙafa, ni na ƙi. Na zauna a bakin ruwa da jaririya ina karanta duk addu'ar da na sani. Ba ka matsa min ba. Sai bayan wani lokaci ka ce in raka ka wurin aiki in ga jirgin kawai, yana ɗaure, inji a kashe.

A nan ka yi min bayani dalla dalla, kamar yadda malamarmu ke yi. Ka ce jiragen gudu iri biyu ne. Akwai wanda aka ƙera don zama, kujerarsa mai zurfi, ana ɗaure mutum a cikinta, wannan kam duk wanda ya miƙe a cikinsa shi ne mai ganganci. Akwai kuma irin naka, wanda aka ƙera don tsayuwa. Kujerarsa naɗewa take yi, sai ka jingina da wani abu mai laushi da ke riƙe ƙugu. Ka tambaye ni ko na tuna lokacin da muke zuwa ƙauye a bayan akori-kura, su wa ke sauka da ciwon baya, na tsaye ko na zaune a kan ƙarfe? Na ce na zaune. Ka ce to haka ruwa yake. Na tsaye gwiwarsa ke shanye bugu, na zaune ƙashin bayansa ke sha. Sannan ka nuna min babban abin. Idan an ƙara totur, kafin jirgi ya kwanta a kan ruwa hancinsa yakan ɗaga sama. A wannan ɗan lokacin wanda ke zaune ba ya ganin komai a gabansa sai sama. Na tsaye ne kaɗai ke hango igiyar ruwa tun tana nesa. Ka nuna min wata 'yar jar waya da kake ɗaurawa a cinya, wadda in direba ya faɗi take fizgewa ta kashe inji.

Ranar na yarda ka fita da ni. Shwaiya shwaiya, ka ce, wato a hankali a hankali, kamar yadda Larabawan nan ke faɗa. Ka tsayar da ni kusa da kai, ka ce in sassauta gwiwa. Na riƙe ƙarfe da hannu biyu, mayafina na neman tashi, kai kana tsokanata wai Inna ta zama kyaftin. Da muka dawo na ce maka daga yau na janye maganata, ka tsaya. Ka ce in rubuta maka haka a waya don ka samu shaida.

Wanda bai san ka ba ne zai ce kana da ɗaukar kai. Falonka na Al Warsan bai taɓa rabuwa da baƙo ba. Yaran da suka zo neman aiki bizarsu ta ƙare, kai ke kwantar da su, ka bi su ofis ofis, ka kuma hana Khairunnisa ta tambaye su yaushe za su tafi. In ka je Kano hutu, kafin ka kwance jaka an jera maka janareto a ƙofar gida, na masallaci da na maƙwabta, kuma ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Ladabinka kuwa har dariya yake ba mutane. Na ga ka durƙusa a tsakiyar babban kanti, Larabawa da Turawa na ratsa ka, don ka gaida wani dattijo ɗan Gwammaja. Ko a waya babba ya kira ka sai ka rage tsawo. Haka mahaifinku ya tarbiyyantar da ku, babba ba ya zaune yaro na tsaye a kansa.

Abin da ya faru ranar Asabar, Dikko ne ya faɗa min. Dikko abokin aikinka ne tun zamanin Ras Al Khor, mutumin Katsina, kuma yana cikin jirgin. Wani Alhaji ɗan kasuwa daga gida, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya zo lodin kwantena, ya gama, ya ce a kai shi shan iska da abokansa. Shi ya nemi a ba shi direba Bahaushe. Ya zauna a kujerar da ke gefen direba. Da kuka fita daga mashigi ka naɗe taka kujerar ka miƙe, kamar kullum. Sai ya ɗago ya dube ka ya ce kai ɗan wane gida ne, yana zaune kana tsaye a kansa. Ka ce masa, ranka ya daɗe, aikin ne ya gaji haka. Ka fara yi masa bayanin hancin jirgi, abokansa suka sa dariya, suka ce Dubai ta gama lalata yaran nan. Ya tambayi sunan mahaifinka, ka faɗa. Ashe ya san shi tun a kasuwar Kwari. Ya ce Malam Halliru bai haifi mai tsaya wa manya a ka ba, Allah Ya jiƙansa bai ga wannan rana ba.

Dikko ya ce bai taɓa ganin fuskarka haka ba. Ka sauke kujera ka zauna. Ka tafi a hankali, Alhaji ya ce ba jirgin fito ya hau ba, yalla, maza a ƙara wuta. Ka ƙara. Hancin jirgi ya ɗaga. Wani babban jirgi ya riga ya gifta ya bar igiyar ruwa a bayansa, kuma daga inda kake ba ka ganinta. Dikko ya hango ta daga baya, ya yi ihu, amma lokaci ya ƙure. Jirgi ya yi sama ya faɗo ta gefe, kanka ya bugi ƙarfen gilashin gaba. Da ka faɗi jar wayar nan ta fizge, inji ya mutu. Shi ya sa duk sauran waɗanda ke cikin jirgin suka koma gida da ransu. Alhaji ya karye a hannu.

Na tambayi Dikko ko in sakaya sunansa, domin 'yan kasuwar nan su ne ke kawo wa irinsu aiki, kuma zama a ƙasar mutane sai da lallami. Ya ce, "Inna, ki rubuta Dikko. Ni na ɗauke shi daga ƙasan jirgi."

Ana cikin zaman makoki Alhaji ya zo, hannu a rataye, yaransa na biye da katan katan na ruwa da dabino. Ya ce a shigo da shi ya gaida mahaifiya. Aka ba shi kujerar da kake zama. Ni ina kan tabarma tare da mata, Dikko da maza suna bakin ƙofa. Ya yi addu'a mai tsawo. Ya ce yaro ne mai kirki, sai dai ƙuruciya, shi ya yi ta ce masa ya bi a hankali.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na je na tsaya a kansa. Wata ta ja min zani, wata ta ce Inna ki zauna, ban zauna ba. Na ce, "Alhaji, Ɗalhatu a tsaye yake ko a zaune?" Hadijatu ta fashe da kuka, domin ba ta taɓa jin sunan a bakina ba.

Ya ce, "Hajiya, ajali ne. Sai haƙuri."

Na ce, "Na san ajali ne, ban yi jayayya da Ubangijina ba. A tsaye yake ko a zaune?"

Ya dubi carbinsa, ya dubi ƙofa, ya haɗa ido da Dikko. Ya ce a zaune. Na ce wa ya zaunar da shi? Ban koma tabarma ba sai da ya tashi ya nemi takalmansa.

Waɗanda suka ji da kunnensu ba su kai waɗanda suka kalli bidiyo yawa ba. Har yau ana turawa, kuma ban ga wanda ya tura gyara ba. Wasu ma sun koma cewa tsohuwar ta yi wa babban mutum rashin kunya a gidan mutuwa. Su faɗa. Masu zuwa suna yaba min ladabinka kuma, ina amsawa ne kawai, domin na ga abin da aka yi da shi. An ɗauki tarbiyyar mahaifinka, abin da ka fi darajantawa a duniya, aka rufe maka ido da ita a tsakiyar teku, don kada wani ya ji an raina shi a gaban abokansa.

Mahfuza, in kin kai karatu, ga abin da ya tabbata. Ubanki ya san aikinsa. Tsayuwar da kike gani a bidiyon nan ita ce daidai, ita ce ta dawo da shi gida lafiya shekara da shekaru. Ranar da ya mutu a zaune yake, kuma ba don kansa ya zauna ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Ɗalhatu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa da haske, Ka karɓe shi cikin waɗanda suka yi shahada a ruwa, Ka haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna Firdausi. Ina yi wa Khairunnisa ta'aziyya, 'yata, Allah Ya ba ki juriyar takaba a ƙasar da ba dangi, Ya raya miki Mahfuza. Ina yi wa Hafiz da Hadijatu, da dangin Malam Halliru na Kano, da Dikko da sauran abokan aikinsa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Alhaji kuwa, har yanzu zuciyata ba ta iya yi masa addu'a ba, ban kuma yi masa baki ba. Na bar shi da Wanda Ya ga komai.

Ku kuma 'ya'yanmu da ke riƙe da sitiyari a kan ruwan nan, ku gaida manya a bakin gaɓa, ku durƙusa har ƙasa. In kun shiga teku kuma aiki ya ce a tsaya, ku tsaya, ko da ni ce a zaune.

Talatu Halliru
Al Warsan, Dubai